Tukunya a Gaban Kamara: Yadda Sha'awar Girki Ke Zama Sana'a

Koyar da girki ta kafofin intanet ya zama sana'a mai cin gashin kanta a cikin shekaru ashirin da suka gabata, ko da yake da dama daga cikin waɗanda suka yi suna a cikinta ba da niyyar neman kuɗi suka fara ba, sha'awa ce kawai ta sa suka jingina waya a jikin wani kwano suka ɗauki abin da ke cikin tukunyarsu. Al'amarin yana da fuska biyu waɗanda ake yawan cakuɗa su, wato tara jama'a da kuma samun kuɗi daga jama'ar da aka tara, kuma rashin bambance su ne ke jefa masu farawa cikin takaici, domin akwai mai mabiya dubu ɗari wadda abin da take samu bai isa kuɗin gas ba, akwai kuma mai mabiya dubu uku wadda ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta da abin da ke shigo mata. Abin da ya raba su shi ne irin amanar da masu kallo suka ba kowacce, da kuma ko tana da wani abu nata na kanta da za ta sayar wa waɗanda suka amince da ita.

A ƙasar Hausa neman kuɗi daga madafa tsohon abu ne. Masaniyar nan ta Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta bayyana irin ɓoyayyen cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, inda ƙosai da ƙuliƙuli da man gyaɗa ke fita a hannun yara 'yan talla, kuɗi kuma su dawo ɗaki ba tare da mai sana'ar ta taka kasuwa ba. Wayar hannu ta zo ta maye gurbin farantin talla ta wani ɓangaren, ta kuma ƙara wani abu sabo, wato sayar da ilimin girkin shi kansa maimakon abincin kaɗai. Shirye-shiryen talabijin irin su Akushi da Rufi na tashar Arewa24 sun nuna cewa akwai ɗimbin masu son kallon girki da Hausa, sai dai shiga talabijin yana buƙatar wani ya zaɓi mutum, alhali YouTube da Instagram da TikTok da Facebook ba su da mai gadin ƙofa, kuma wannan sauƙin shiga shi ne ya sa samun masu kallo ya yi wuya, tunda kowa ya shiga.

Misalin da ya fi fito da yadda jama'a ke taruwa shi ne na Emily Kim, 'yar asalin Koriya ta Kudu, wadda duniya ta fi sani da laƙabin Maangchi, kalmar da ke nufin guduma a harshensu. A 2007, lokacin da take zaune a Toronto ta Kanada, ta ɗora bidiyonta na farko a YouTube, inda ta nuna yadda ake soya wani naman teku da yaji, a wani lokaci da YouTube ɗin kansa bai daɗe da cika shekara biyu da kafuwa ba. Ba ta yi makarantar girki ba, Turancinta kuma na baƙuwa ne, amma ta tsaya a kan abu guda, wato abincin gida na Koriya, ta kuma lura da matsalar da masu kallonta ke fuskanta kafin ma su kunna wuta, wato ba su san kayan haɗin ba. Saboda haka ta riƙa nuna kowane kayan haɗi da sunansa da kamanninsa, ta kuma tattara bayanin shagunan da ake sayar da su a ƙasashe daban-daban, har ya kasance 'ya'yan Koriyawa da suka tashi a ƙetare da waɗanda ba su taɓa zuwa Koriya ba duk suna iya dafa abin da ta dafa. Sai a 2015, shekara takwas bayan farawa, wani babban kamfanin ɗab'i na Amurka ya fitar da littafinta na girki, wani ya biyo baya a 2019, mabiyanta a YouTube kuma suka haura miliyan shida. Tsawon wannan lokaci abin lura ne ga duk wanda aka ce masa wata uku sun isa.

Abin da ya ɗaga Maangchi shi ne abin da ke ɗaga kowace mai koyar da girki, wato wanda ya bi bayaninta ya ga abincin ya fito yadda aka ce zai fito. Bidiyon barkwanci ana kallonsa a wuce, amma bidiyon girki yana sa mutum ya kashe kuɗinsa ya sayo kaya, ya ɓata yininsa, wani lokaci ma ya sa mutuncinsa a gaban baƙi ko dangin miji, don haka idan abin ya lalace ba ya mantawa da wadda ta koya masa. Wainar shinkafa, wadda ake kira masa a wasu garuruwan, ta isa misali. Kusan kowa ya san jerin kayanta: shinkafar tuwo da aka jiƙa, da 'yar dafaffiya da ake haɗawa kafin a kai markaɗe, da yis, da sukari, da gishiri, da albasa, da ɗan ruwan kanwa ko bekin foda don kashe tsami. Inda ake faɗuwa shi ne kaurin ƙullu da tsawon lokacin tashi da zafin tanda, kuma waɗannan ukun ne mai gaggawa kan tsallake a bidiyonta. Ƙwararriya kuwa takan ɗebo ƙullun da ludayi ta tsiyaya shi a hankali a gaban kamara don a ga yadda yake zuba, ta nuna ƙananan kumfar da ke samansa idan ya tashi, ta faɗi cewa a lokacin hunturu yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya tashi alhali a tsananin zafin bazara yakan yi saurin tsami, sannan ta bar kamara a kan tanda har gefen wainar ya soma yin ja kafin ta juya ta. Idan ta ƙara da nuna wadda ta ƙone a waje cikinta ɗanye, ta bayyana cewa wuta ce ta yi yawa, to ta ba mai kallo abin da zai cece shi ranar da nasa ya soma lalacewa.

Batun awo yana da nasa nauyin. Girkin gargajiya ana koyonsa ne a tsaye kusa da uwa ko kaka, inda ake cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai wannan ƙima ba ta ratsa gilashin waya. Mudu da tiya sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kalmar gwangwani kuma tana iya nufin na madara ko na tumatir, don haka wadda ta ce a zuba gari gwangwani uku ba tare da ta ɗaga gwangwanin an gan shi ba ta bar rabin masu kallonta a duhu. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan zaɓi ma'auni guda su tsaya a kansa, kofi ɗaya da cokali ɗaya da kowa ya saba gani a hannunsu, sukan kuma maimaita girki sau biyu ko uku kafin su ɗauka, suna rubuta adadin kowane abu. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya fitowa a bidiyo, amma shi ke haifar da irin saƙon nan da ke cewa, "Hajiya, na gwada kuma ya yi, Allah ya saka da alheri," wanda a wannan sana'a ya fi kallo dubu daraja, domin mai irin wannan saƙo ita ce za ta tura bidiyon ga ƙawayenta da zauren danginta na WhatsApp.

Tsakanin mai girki da masu kallo akwai wani mai shiga tsakani da ba a gani, wanda ake kira algoridim, wato tsarin lissafin da manhaja ke amfani da shi wajen zaɓar abin da za ta nuna wa kowane mutum. Kamfanonin ba sa bayyana dukkan sirrinsa, suna kuma sauya shi a kai a kai, amma tushensa sananne ne: yana lura da ko mutane sun taɓa bidiyon da aka nuna musu, da tsawon lokacin da suka yi suna kallo, da ko sun adana shi ko sun tura wa wani. Daga nan ne dokokin aikin suka fito. Bidiyon da ya buɗe da doguwar gaisuwa da godiya ga masoya yakan rasa baƙon da bai san mai maganar ba, shi ya sa gogaggu kan fara da nuna abincin da aka gama, su ajiye gaisuwa a taƙaice, duk da cewa hakan ya ɗan saɓa wa al'adar Bahaushe ta shimfiɗa sallama. Sunan bidiyo ma yana da tasiri, domin akwai masu zuwa ta hanyar bincike, kuma abin da suke rubutawa shi ne matsalarsu, misali yadda ake alkaki bai farfashe ba, ko dalilin da ke sa ɗanwake ya narke a ruwa. Wadda ta san cewa wasu waina suke rubutawa wasu kuma masa, wasu alale wasu alala, kuma mafi yawan masu waya ba sa sa lanƙwasa a haruffan ƙ da ɗ da ɓ, takan sa sunayen duka a bayanin bidiyonta don kowa ya same ta.

Zaɓin harshe shi ne shawarar da ta fi kowace tasiri, kuma babu amsa guda a kanta. Akwai tunanin cewa sai da Turanci ake yin nisa, amma tashar Village Cooking Channel ta ƙasar Indiya ta nuna akasin haka. Wasu 'yan uwa ne daga wani ƙauye a gundumar Pudukkottai ta jihar Tamil Nadu suka kafa ta a 2018 tare da kakansu Periyathambi, wanda tsohon mai girkin biki ne, suna dafa abinci mai yawa a fili a kan murhun itace, suna magana da harshen Tamil, su kuma kai abincin gidajen marayu da tsofaffi bayan an gama ɗauka. A 2021 suka zama tashar Tamil ta farko da ta kai mabiya miliyan goma, a shekarar ne kuma suka ba da gudummawar rupi miliyan ɗaya ga asusun yaƙi da cutar korona na jiharsu. Harshen gida ya ba su kasuwar da masu Turanci ba sa gogayya a cikinta, girki kuma abu ne da ido ke fahimta ko kunne bai ji ba. Mai girki da Hausa tana da irin wannan dama, tunda masu jin harshen sun bazu daga Kano da Zazzau da Sakkwato zuwa Maraɗi da Damagaram, har unguwannin zango na Kumasi da Accra da kuma Hausawan Sudan da Saudiyya, kuma rubuta fassarar Turanci ko Faransanci a ƙasan bidiyo yana buɗe ƙofa ga sauran ba tare da an bar Hausar ba.

Sauran abubuwan da ake yawan tattaunawa a kansu ba su kai yadda ake zuzuta su ba. Waya mai matsakaicin kyau ta isa, hasken taga da hantsi ya fi fitilar da aka sayo da tsada, kuma murya mai fita sarai ta fi hoto mai ƙyalli muhimmanci, shi ya sa da yawa kan ɗauki hoton shiru sannan su ɗora bayani daga baya idan janareton maƙwabta ya yi shiru. Wadda ba ta son nuna fuskarta ba ta rasa komai ba, hannu da tukunya sun wadatar. Abin da ke da amfani shi ne ɗorewa a kan lokacin da mutum zai iya, ko da sau ɗaya ne a mako, da sanin kalandar masu kallo: kayan buɗa-baki da na sahur ana neman su tun kafin azumi ya kama, sarrafa nama da dambunsa da yadda ake adana shi lokacin babbar salla ne, su dubulan da nakiya da alkaki kuwa suna tafiya da lokutan biki da haɗa gara. Sayen mabiya na bogi, wanda wasu ke tallatawa, asara ce biyu, domin mabiyan ba sa kallo, algoridim kuma yakan ɗauki rashin kallonsu a matsayin shaidar cewa bidiyon ba shi da kyau.

Hanyar samun kuɗi da kowa ya fi ji ita ce tallan da kamfanin manhaja ke sakawa a cikin bidiyo ya raba kuɗin da mai tasha. A YouTube, tun daga 2018, sharaɗin samun wannan rabo shi ne mabiya 1,000 da kuma awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyu, daga baya kuma aka ƙara wata hanyar ta gajerun bidiyoyi, wato kallo miliyan 10 a cikin kwana 90. Wanda ya cika sharaɗi yana karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogayen bidiyoyi, da kashi 45 na abin da aka ware wa gajeru. Lissafi kaɗan zai nuna girman aikin: awa 4,000 daidai take da minti 240,000, don haka idan kowane mai kallo yana yin minti huɗu kafin ya fita, sai an kalli bidiyoyin tashar sau 60,000 a shekara guda kafin a soma maganar kuɗi. Bayan haka ma ba a biya sai abin da aka tara ya kai dala 100, kuma kafin nan Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, yakan aiko da wata lambar sirri ta gidan waya don tabbatar da adireshi, abin da kan zama tarnaƙi ga mazauna unguwannin da wasiƙa ba ta isa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, sai a tsakiyar 2024 ya buɗe irin wannan rabon talla ga masu shirya bidiyo a Najeriya da Ghana.

Abin da ba a cika faɗa wa masu farawa ba shi ne cewa kallo ba farashinsa ɗaya ba. Masu talla gwanjo suke yi a kan idon mai kallo, kuma suna biyan kuɗi mai yawa don isa ga wanda ke zaune a Amurka ko Ingila ko Jamus fiye da wanda ke Gusau ko Tawa, saboda abin da suke tsammanin zai saya. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne abin da mai tasha ke samu a kan kowane kallo dubu, kuma wannan adadi yakan bambanta ninki da yawa tsakanin tashoshi biyu masu yawan kallo iri ɗaya. Idan aka ɗauka, don misali kawai, cewa tasha tana samun dala ɗaya a kan kallo dubu, to sai an kalle ta sau 100,000 kafin dala 100 ta taru. Kuɗin da ya fito daga masu kallo na Amurka kuwa, tun 2021 Google ke cire masa harajin Amurka, wanda kan kai kashi 30 cikin ɗari ga mazauna ƙasashen da ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, Najeriya kuma tana cikinsu. Ga kuma tsadar data, wadda ta ƙaru bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, abin da ke tura mai ƙaramin ƙarfi zuwa gajerun bidiyoyi, su kuwa kuɗin tallansu bai taka kara ya karya ba. Saboda waɗannan dalilai, mai girki da Hausa wadda ta ɗora dukkan fatanta a kan kuɗin talla ta zaɓi mafi ƙanƙantar ƙofa daga cikin ƙofofin da ke gabanta.

Ƙofa ta biyu ita ce yarjejeniya kai tsaye da masu kaya, inda kamfanin ɗanɗano ko na man girki ko na taliya, ko ma wani shagon tukwane na cikin gari, zai biya mai girki don ta yi amfani da kayansa a bidiyo. A nan yawan mabiya yana da tasiri, amma masu kaya da suka san aikinsu sun fi duba ko mabiyan suna amsawa da kuma inda suke zaune, domin shagon da ke Kaduna ba shi da amfani da mabiya miliyan da ke wata nahiya. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON mai kula da harkar talla a Najeriya ta shafi tallan da ake yi a kafofin intanet, kuma hukumar tana buƙatar a tantance talla kafin a fitar da shi, YouTube ma yana da wurin da ake bayyana cewa an biya kuɗi a kan bidiyo. Ko ba don doka ba, ɓoye cewa talla ne yana cin amanar da aka daɗe ana ginawa. Hatsarin ya fi yawa a tallan magungunan ƙiba da na rama da na gyaran jiki waɗanda ba su da rajista, waɗanda masu su kan zo da kuɗi a hannu su nemi masu girki musamman saboda mata ne ke kallonsu. Wadda ta karɓa ta jingina sunanta da abin da ba ta san me ke cikinsa ba, kuma ranar da ya cutar da wata, ita za a tuna, ba mai haɗa shi ba. Akwai kuma tsarin la'ada, wanda bai bambanta da aikin dillaliya ba, inda mai girki ke nuna injin markaɗe ko tukunya ta ba da hanyar saye, a ba ta wani kaso a kan duk wanda ya saya ta hannunta.

Ƙofa ta uku, wadda ta fi dacewa da mai matsakaicin mabiya, ita ce sayar da abin da mutum ya mallaka da kansa. Ajin girki na kuɗi da ake yi a zauren WhatsApp ko Telegram ya zama ruwan dare a Arewa, musamman gab da azumi da kuma tsakanin 'yan mata masu shirin aure, inda ɗalibai ke biya ta banki a sa su a zaure na kwana uku ko mako guda, malama tana tura bidiyo da rubutaccen awo, su kuma suna turo hoton abin da suka dafa tana gyara musu. Bambancinsa da talla a fili yake, domin ɗalibai arba'in da suka biya kai tsaye suna iya kawo abin da kallo dubu ɗari ba zai kawo ba, kuma babu wani kamfani a tsakani da zai ɗauki rabinsa. Haka nan ana tattara girke-girke a ƙaramin littafin da ake karantawa a waya a sayar ta dandamali irin su Selar, ana karɓar odar abincin biki da na suna, ana kuma ƙulla yajin daddawa da garin kunu da dambun nama da sunan mai tashar a jiki. A wannan mataki bidiyon kyauta ya koma matsayin ɗanɗano da mai tsire ke miƙa wa mai wucewa. Sai dai duk abincin da aka ƙulla a leda ko kwalba don sayarwa ga jama'a yana ƙarƙashin hukumar NAFDAC, kuma manyan shaguna ba sa karɓar kayan da ba su da lambarta.

Lissafin riba yana buƙatar a rubuta abin da ke fita, kuma a nan ne sha'awa ke yaudarar mai ita. Kowane bidiyo yana cin kayan miya da nama da mai, da gas ko gawayi, da data ta ɗorawa, da awannin yanka bidiyon da haɗa shi waɗanda kan ninka lokacin girkin kansa, kuma idan an maimaita girki sau uku don tabbatar da awo, kuɗin ya ninka uku. Da yake kayan daga cefanen gida suke fitowa, akan daɗe ba a ga ramin ba. Masu hankali sukan ware asusu dabam tun daga farko, su kuma tsara ɗaukarsu a kan abin da gidan zai ci a ranar, don kada tukunyar kamara ta zama ƙari a kan tukunyar iyali.

Akwai kuma tambayar wanda ya mallaki jama'ar da aka tara. Mabiyan da ke kan wata manhaja kamar abokan ciniki ne a rumfar haya, mai kasuwa yana iya sauya doka ko ya rufe ƙofa ba tare da shawara ba. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa shida, gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, Indiya kuma ta haramta TikTok a Yunin 2020, inda waɗanda suka gina sana'arsu a kansa kaɗai suka wayi gari ba su da hanyar isa ga mabiyansu. Satar shafi ta hanyar saƙon yaudara ma tana yawan faruwa, kuma kariyarta ita ce kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri ta biyu da ake buƙata bayan kalmar shiga. Wannan ne ya sa ake son mai sana'a ta kasance a kafa fiye da ɗaya, ta ajiye asalin bidiyoyinta a wani wuri dabam, ta kuma riƙe lambobin ɗalibanta da abokan cinikinta da izininsu.

Suna shi ne kadarar da ta fi kowace, kuma labarin Li Ziqi ta ƙasar Sin ya nuna yadda ake iya rasa iko da shi. Bidiyoyinta na noma da girkin karkara a lardin Sichuan, inda take zaune da kakarta, sun sa ta shiga kundin Guinness a matsayin mai tashar harshen Sinanci da ta fi yawan mabiya a YouTube, amma ta kasance cikin haɗin gwiwa da wani kamfani mai suna Weinian, wanda ke sayar da kayan abinci da sunanta. A Yulin 2021 ta daina fitar da bidiyo, rikicin ya kai gaban kotu, aka sasanta a ƙarshen 2022, ba ta kuma dawo ba sai a Nuwamban 2024, bayan fiye da shekara uku tana shiru a lokacin da take kan ganiyarta. Ga mai farawa a Najeriya abin da ya shafe ta daga wannan shi ne bambanci tsakanin rajista biyu da ake yawan ɗauka ɗaya ne: rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, wadda ke ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'a, da rajistar tambarin kaya, wadda ake yi a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, kuma ita ce ke hana wani buga sunan a jikin nasa yajin. Shi kansa girkin, wato jerin kayan haɗi da adadinsu, galibi dokar haƙƙin mallaka ba ta kare shi, don haka babu wadda za ta hana wata dafa miyar taushe irin tata. Abin da doka ke karewa shi ne bidiyon da hoton da kalmomin da aka yi bayani da su, kuma manhajojin suna da hanyar kai ƙara idan wani ya kwashe bidiyo ya goge sunan mai shi ya ɗora a nasa shafin. Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu da kamfani ko manaja ya kamata ta fayyace a rubuce wa ke riƙe da kalmar shiga shafin, wa ya mallaki sunan, tsawon wane lokaci kamfanin zai yi amfani da bidiyon da aka yi masa, da kuma ranar da za a biya kuɗin.